Matar da ke Jikin Saksofon

Muna dawowa daga binne matata, mabusan birnin New Orleans sun juya kiɗan makoki zuwa na rawa kamar yadda aka saba, sai tsohon abokin hamayyata a busa ya cusa min saksofonsa, abin busarsa na tagulla, a hanci. A jikin tagullar an zana wata mace cikin furanni.

"Duba da kyau, tsoho. Matarka ce. Da bakinta ta faɗa min."

Na ɗaga nawa. Mace ɗaya, murmushi ɗaya. Shekara arba'in ina goge wannan fuska da alfahari, a zatona matata ce.

"Ni ma haka ta ce min, ɗan iska."

Mabushi na uku ya leƙo. "Haba dattawa, kamfani ke zana ta, dubu-dubu."

Sannan ya share hawaye, ya ɓoye nasa a bayansa.