Rigar Ganyen Ayaba

Safiyar gasar kwalliya ta ranar tseren dawaki a ƙauyensu na Kwinsland a Ostareliya, wata budurwa ta fito daga wurin iyo na gidansu, gashinta mai ruwan zinare ya koma kore shar. Shuɗiyar rigar da ta zaɓa domin gashin ta tashi a banza.

Ƙanwarta ta miƙo wadda ta ɗinka mata, mai zanen ganyen ayaba. "Ungo, Yaya. Wadda kika ce labulen kicin ce."

Ta saka, kuma ita ta zo ta ɗaya.

Alƙaliyar gasar ta raɗa mata, "Wa ya rina miki gashi ya hau da rigar haka?"

Ta waiwaya. Ƙanwar tana ta tafi a cikin jama'a. Ita ce dai mai zuba wa ruwan iyon maganin tsabtacewa, wanda in ya yi yawa yake mayar da gashi kore.