Wasiƙun Mai Jiran Gida

Wasiƙa ta huɗu ta iso ranar Litinin kamar sauran, a farar ambulan, an buga ta da na'ura. Daraktan ofishin tsara gari ya farke ta a tsakiyar taro, ya karanta wa ma'aikata da ƙarfi har ƙarshe, tabaransa na ajiye a kan tebur.

Maganar dai ɗaya ce. A taswirar farko ta sabuwar unguwar da za a gina a bayan gari, an ware fili a tsakiya don lambun shaƙatawa. Kamfanin gine-gine ya matsa lamba, aka yanka filin fuloti talatin da shida, aka tura lambun can ƙetaren babban titi. Mai wasiƙar, wanda ke kiran kansa Mai Jiran Gida, ya ce filin nan kwari ne, nan ruwan damina yake kwanciya, gidan da aka gina a kai sai ya sha ruwa har taga. Ya ce kuma babu uwar da za ta bar ɗanta ya tsallaka titin manyan motoci don ya hau lilo.

Ƙa'idar ofishin ita ce, duk ƙorafin da ya zo a rubuce daga waje, dole a dakatar da sa hannu a sake duba tsarin. Sau huɗu ke nan ana dakatarwa.

Abin da ya tada ƙura shi ne lambobin fulotin da ke cikin wasiƙun, don ba a fitar da sabuwar taswirar ba tukuna. Shugaban kwamitin da ke amincewa da tsarin, wanda kowa ya san abokin mai kamfanin ne, ya ce da ɗan gari a ciki, kuma yana son suna kafin Juma'a. Darakta ya ɗora binciken a kan Injiniya, matar da ta zana taswirorin biyu.

Tun daga ranar zama ya gagare ta. Ta buɗe fayil ta rufe, ta leƙa ɗakin zane ta dawo, shayinta ya huce sau uku a kan tebur. Duk wanda ya gaishe ta sai ta bi yatsunsa da kallo. Abin da ya fi cin ranta, ta san mai wasiƙar yana da gaskiya. Ita da mijinta sun cike takardar neman gida a unguwar, 'yarsu kuma shekararta shida, ba ta wuce lilo sai ta tsaya.

A gida mijin ya tsokane ta, ya ce ko dai ita ce take rubutawa ta manta. Ta yi masa wani kallo, ya ɗauki kofinsa ya koma falo.

Ranar Talata zargi ya sauka a kan Baba Mai Awo, tsohon da saura wata takwas ya yi ritaya. Mutanen kamfanin sun ce sun sha ganinsa a filin. Da ta tambaye shi, dariya ya yi, ya ce 'yata, da yatsa ɗaya nake buga na'ura, kafin in gama shafi guda ai na yi ritayar. Amma shugaban kwamiti ya riga ya yanke: in ba a kawo wani suna ba, na Baba za a rubuta, a sallame shi ba ko sisi.

Ta shiga ta gaya wa Darakta. Sai ya tambaye ta ko ta lura akwai lambar akwatin gidan waya a bayan ambulan ɗin.

Ta rubuta wa Mai Jiran Gida layi uku, ta kai gidan waya da kanta. Ta ce za a kori marar laifi saboda shi, in yana da imani ya same ta a filin ranar Alhamis da ƙarfe huɗu.

Ranar Alhamis aka wuni ana ruwa. Ta ajiye mota a bakin titi ta gangara a ƙafa, laka tana cafke mata takalmi. Turakun awo duk sun nutse, sai jajayen kawunansu ake gani. Inda ta zana falo da ɗakunan yara, tafki ne kwance.

A tsakiyar ruwan wani mutum na tsaye, ya ba ta baya, sanye da rigar ruwa mai hula. Ya naɗe wando har gwiwa, yana caka sanda yana duba zurfin.

Ta tsaya a bakin ruwan.

"Bawan Allah, ban ce ƙarya ka faɗa ba," in ji ta. "Amma gobe da safe sai na miƙa suna, kuma ba zan miƙa na Baba ba."

Mutumin ya zaro sandar, ya dubi inda ruwa ya jiƙa ta, sannan ya juyo ya ture hular.

"Rubuta nawa, Injiniya," in ji Darakta, "amma ki fara ɗaukar hoton ruwan nan, kwamiti ya gani."