Hedfon ɗin Abdulsamad

Sau nawa Khuzaima ta danna maɓallin nan, ita kanta ba ta sani ba. Wutar jikin hedfon ɗin ta yi ta ƙiftawa, shuɗi, ja, shuɗi, sai kuma ta tsaya cak a shuɗi. Ta duba wayarta, wayar ta ce ba ta ga komai ba.

Na mijinta ne, marigayi Abdulsamad. Wani ƙaton abu mai soso a kunne da ɗan baki na magana, wanda ya sayo a kasuwar Birnin Kudu don buga gem da abokansa. Da yana raye, in ya kifa shi a ka, ko gobara ake a Farin Dutse ba zai ji ba, faɗan da suka sha yi kenan. Yau ita ce take neman abin da zai toshe mata kunne.

Da safe aka fito da kayansa daga ɗakin yayansa Ƙasimu, inda aka kulle su tun ranar da mota ta buge shi a kan babur a hanyar Gwaram. Jibi za ta fita takaba, shi ya sa aka zauna rabon gado. Riguna, takalma, buhunan riɗi, abin da ya rage na babur ɗin, duk an gani. Waya ce babu. Baƙar wayar nan mai tsaguwa a gefe, wadda kowa ya shaida ranar hatsarin a gida ya bar ta.

"A ɗakin wa yake kwana?" in ji Ƙasimu. Bai ko kalle ta ba.

Maganar ba sabuwa ba ce. Wata huɗu kenan tana yawo a gidan, daga bakin murhu zuwa bakin rijiya: wai ta ba ƙaninta ya kai Kano ya sayar. Sabon abin shi ne hukuncin da Ƙasimu ya yanke a gaban dattijai. Ko ta fito da waya, ko ta koma gidansu a Sundimina ita kaɗai, don ba za a bar marainiya a hannun wadda ta ci dukiyarta ba. Marainiyar kuwa 'yarsu Nasiha ce, wadda bara aka yaye ta.

Khuzaima ta yi rantsuwa har ta gaji. Ta zazzage akwati, ta ɗaga katifa, ta bar matan gidan suka laluba har cikin kwallayenta. Yanzu ko kuka ba ya zuwa mata.

Da aka tashi taron, hedfon ɗin na yashe a kan tabarma, ba mai so. Wani ya ce tarkacen yara ne. Ta ɗauka, ba wanda ya hana.

Mutum ɗaya ce a gidan ba ta taɓa jifanta da kalma ba, Dada, uwar mijinta, wadda bango ɗaya ya raba ɗakunansu. A taron ma kanta na ƙasa, tana jan carbi. Ita ke aiko mata da fura, ita ke goya Nasiha in zazzaɓi ya tashi. Abin da kawai take nema a wurin Khuzaima shi ne aron fitilarta mai sola, irin mai ramin cajin nan, wai ɗakinta duhu ko da rana. Yau ma sai da ta jira Khuzaima ta gama cajin hedfon ɗin, sannan ta karɓa. Bayan la'asar kuwa takan saki asabari ta shiga lazimi, kamar yadda ta saba tun autanta Abdulsamad na nan, lokacin da yakan zauna gefenta yana biya mata surori. Khuzaima takan ce a ranta, da ba don tsohuwar nan ba, da tuni ta haukace.

Ta kashe bulutut ɗin wayarta, ta sake kunnawa. Ta riƙe maɓallin hedfon ɗin har yatsanta ya yi ciwo. Haka dai. Ta tuna yadda Abdulsamad ya taɓa nuna mata, yana mata tsiyar ba ta waye ba: in wutar na ƙiftawa nema yake, in ta tsaya ya samu, kuma wayar da ya sani ko ta bayan bango zai kama ta. To ga wuta ta tsaya, ga wayarta ba labari. Ta yi tsaki. Har kayan mutumin ma sun juya mata baya.

A tsakar gida matan sun fara daka, suna hirarsu ƙasa-ƙasa, irin ƙasa-ƙasan da ake so a ji. Ta ji sunanta, ta ji na Nasiha. Sai kawai ta kifa abin a kanta haka nan, ko soson ya rage mata surutu.

Duniya ta yi tsit. Ta jingina da bango, ta lumshe ido.

Sai aka yi gyaran murya a cikin kunnenta.

Ta san gyaran muryar nan, sau biyu a jere, kamar mai jin kunya. Aka yi bisimilla, aka fara Tabaraka a hankali, ana tsayawa bayan kowace aya don mai biyowa. Muryar Abdulsamad ce. Ta duba wayarta, fuskar wayar a mace take. Ta miƙe, ta fita ƙofar ɗaki, mijinta na karatu a kanta. Ta zame soson daga kunne ɗaya don ta tabbatar ba taɓuwa ta yi ba.

Ta tsakanin karan asabarin ɗakin Dada ta hango fitilarta a ƙasa, igiyar caji ta taso daga jikinta zuwa cinyar Dada, Dada kuwa na bubbuga baƙar waya mai tsaguwa a tafin hannunta, tana cewa a hankali, "Auta, yau kuma me ya same ka ka yi min shiru?"