Saminaka Goma Sha Huɗu

Ƙarfe takwas na safe Sista Felicitas ta tura tagar ɗakin shan magani, ta buɗe littafinta, ta kasa kunne.

"Saminaka! Saminaka! Saminaka! Sami..."

Uku da rabi, sai tari. Ta rubuta.

Tagar tana kallon katangar tashar mota ta Laranto. Mai kiran nan daga bayan katanga Gwadabe ne, ɗan kamasho, wanda asma ta tasa a gaba tun da sanyin daminar 1978 ya kankama. Abin auna numfashi ɗaya ne a ɗakin, shi ma ya lalace, an kai shi gyara Kaduna ya zauna can. Sista ba mai zaman jira ba ce. Ta yanke cewa yawan Saminakar da mutum ke iya jerowa a numfashi ɗaya ya isa ma'auni.

Oga Labaran, shugaban tasha, ya ba Gwadabe wata biyu: ko murya ta dawo, ko a ba wani layin. Shekara goma sha tara Gwadabe yana kiran Saminaka, garin da bai taɓa takawa ba, kuma ban da wannan bai iya komai ba.

Maganin shaƙa iri uku ne a kabad. Likita Pwajok, wanda ke leƙowa ranar Alhamis, ya ce ta gwada su bi da bi, ta rubuto masa wanda ya fi, don a yi odarsa saboda sauran masu asma.

Aka fara da na farko, mai shuɗin bututu. Shi ne mai buɗe ƙirji nan take. Gwadabe ya ƙaunace shi, har ya sa masa igiya ya rataya a wuya. In ya shaƙa sai ya kai shida, kafin azahar ya koma uku. Sista ta rubuta: yana agaji, ba ya riƙewa.

Na biyu garin magani ne a cikin ƙwaya, a sa a wani ɗan bututu, a huda, a zuƙa. Sati biyu Gwadabe yana fama. Wata ƙwayar ta faɗi ƙarƙashin mota, wata ta jiƙe a aljihu, guda biyu kuma ya haɗiye su da koko don ya huta da dogon aiki. Kiransa bai wuce huɗu ba.

Saura na uku, mai ruwan ƙasa, da kwana ashirin da uku a wa'adin.

"Malam Gwadabe, wannan ba na gaggawa ba ne," in ji Sista. "Safe da yamma, ko kana jin ciwo ko ba ka ji. Sai ya kwana biyu kafin ya kama. In ka shaƙa ka kurkure baki, don yana shaƙe murya. Shuɗin ka riƙe shi saboda ɓacin rana."

"To, Sista." Idonsa na kan rufi. "Wai ƙanen nan naki Emenike, har yanzu yana shagonsa na kayan rediyo?"

Ta ce yana nan, ta kuma maimaita masa bayanin tun daga farko, don ta ga hankalinsa ba ya wurin.

Kwana huɗu babu canji. Ran na biyar ta buɗe taga, alƙalami ya kusa suɓuce mata. Goma sha huɗu. A jere, babu tari, da ƙarfin da ya tsallako katanga ya cika ɗaki. Ta sake ƙirgawa da hantsi: goma sha huɗu. Da azahar ma haka. Bai taɓa yin goma sha uku ba, bai taɓa yin goma sha biyar ba, kuma wannan tsari ya burge ta ƙwarai, domin ita mace ce mai son abu ya tsaya inda aka ajiye shi. Har wani zakara ya saba da kiran, kullum aka zo ta tara sai ya yi cara, ko da rana tsaka.

Aibu ɗaya ta samu. Wajen la'asar muryar takan yi kauri, ta riƙa ja kamar mai jin barci. Washegari kuma ta dawo garau. Sista ta san dalili: ba ya kurkure baki. Ta aika masa da saƙo mai zafi ta hannun wani direba. Gwadabe bai zo ba, ta ɗauki hakan alamar lafiya.

Ranar da wa'adi ya cika, labari ya iso cewa Oga Labaran ya bar masa layinsa, har ya ƙara masa da na Jengre. Sista ta zauna ta rubuta shafi uku, da jadawali da jan layi, ta nuna mai ruwan ƙasa ya ninka sauran. Likita ya karanta, ya jinjina mata, ya sa hannu, takardar oda ta tafi Legas a ranar.

Washegari ta tsaya a taga don jin daɗi kawai. Tana kan ta bakwai ta ji wani siririn fito a bayanta, irin na ƙirjin da ta sani. Ta juya. Gwadabe ne a bakin ƙofa, yana haki, da shuɗin a hannu babu komai a ciki. Ta taga kuma muryarsa ta kai ta tara, zakara ya yi cara.

"Aikin Emenike ne, Sista, Allah ya yi masa albarka," ya ce da ƙyar. "Batir kawai rikodar ke ci. Amma na sha wuyar kaset ɗin nan: in ce Saminaka biyu, in danna, in huta."