Katin Mai Tsaron Gida

Ka ce kanka ya ɗaure, ɗana, ka rasa ko ka tsaya walimar saukar karatun 'yarka, ko ka tafi birni ɗauko kyautar da ka yi mata alkawari. To, gyara zama in ba ka labarin wani tela na garinmu. Mutum ne mai hankali a komai, sai fa in an zo zancen ƙwallo, nan kam ba ya ji ba ya gani. A lokacin, ƙungiyar garinmu sau ɗaya tak ta taɓa ɗaukar kofi, shekara talatin kafin nan, kuma bai gani ba, domin ranar yana yaro yana kwance da ƙyanda. Abin nan ya tsaya masa a rai, ba shi da burin da ya wuce ya ga an ɗaga kofi da idonsa. A shekarar nasarar ne wani mai kamfanin alawa ya buga hotunan 'yan wasan su goma sha ɗaya a kan 'yan katuna, ana samun ɗaya a kowane ƙunshi. Sa'o'insa suka yi wasa da nasu suka yar, shi kuwa ya bi yana tarawa har furfura ta fara leƙo shi. Ya haɗa goma, ya naɗe a ƙyallen shadda, ya sa a gwangwanin maɓallai ƙarƙashin kekensa. Na mai tsaron gida ne ya gagara. Ban san wanda ya sa masa wannan a ka ba, amma ya ƙudurta cewa ƙungiyar ba za ta ƙara ganin kofi ba sai katunan sun cika. Duk shekarar da aka fitar da ƙungiyar daga gasa, sai ya jera goman a teburin yanka, ya dubi gurbin da ya rage ya ce, "Yo ina za a ci wasa ba gola?" Muna dariya, shi kuwa har zuciyarsa yake nufi.

Kwanci tashi, wata shekara yaran suka kai wasan ƙarshe, kuma a filin garinmu za a buga, bayan la'asar. Shi ya fara yankar tikiti, ya ɗinka riga mai launin ƙungiya, ya goge ta ya rataye. Da safiyar ranar wani direba ya zo karɓar ɗinkinsa, ya tarar da katunan a jere, ya ce ai ya sha ganin na golan nan wurin wani mai gyaran agogo a wani gari, tafiyar awa uku. Nan fa tela ya rikice. Ya sa hula, ya cire. Ya rufe shago, ya dawo ya buɗe. In ya shiga fili ba kati aka ci su, laifinsa ne, tunda yanzu ya san inda katin yake. In ya tafi kuma, wa ya san hanya? Daga ƙarshe ya lallashi kansa cewa uku zuwa, uku dawowa, ai kafin la'asar yana kan kujerarsa. Motar ba ta cika ba sai hantsi, bai isa ba sai azahar, ya tarar da shagon mai agogo da ƙaton kwaɗo. Wani mai goro da ke gefe ya dube shi da rigarsa ya ce, "Bawan Allah, ai tun asuba ya tafi garinku kallon wasa. Har katin ya sa a aljihu, wai yau gola ba zai zauna a gida ba." Tela bai taɓa tambayar kansa ba, wa zai adana irin wannan kati shekara talatin in ba mahaukacin ƙwallo irinsa ba, kuma ina irinsa zai kasance a rana irin ta yau? Ya ruga tasha ya tarar wayam, direbobi duk sun kwashi 'yan kallo sun yi garinmu. A rediyon wani mai faci ya ji yaranmu sun jefa ƙwallo, ya ji an tashi, ya ji sun ɗaga kofi. Ya miƙe zai yi tsalle, sai ya koma ya zauna a kan tsohuwar taya, ya rasa murna zai yi ko kuka.

Washegari ya dawo ya tarar kowa na da labari, har matarsa da ba ta san ƙwallo ba ta ga wucewar kofi ta ƙofar gida. Har yau kansa bai warware ba. Wata rana ya ce katin ne ya yi aiki, tunda goma na shago ɗaya na fili, duk a gari ɗaya. Wata rana ya ce ashe kati ba komai ba ne, takarda ce. Ƙungiyar dai ba ta sake kaiwa ko kusa ba, shi kuma yanzu sai an zura masa zare a allura. Na tausaya masa ranar da na leƙa na ga ya jera katunan, a gurbin gola ya ajiye tikitin nan da ba a yaga ba.

Kyauta ba ta gudu, ɗana, amma sauka sau ɗaya za a yi, kuma yarinyar za ta ɗaga kai ta nemi fuskarka cikin mutane. Ka tsaya gida. Kada a ce da kai abin da Hausawa suka ce, garin neman gira an rasa ido.