Kunun Zaƙi da Yatsar Malama

Akwai wani mutum a unguwar nan, ba zan kama sunansa ba, ya san kansa. Ya ɗauki hutun sati biyu ya zaga garuruwa, ya kurɓi kunun wannan, ya lashi furar wancan, ya leƙa gidajen masu yi yana ɗaukar hoto da waya. Ya dawo ya baje mana a majalisa yana yanke hukunci: na garin kaza ya yi tsami, na garin kaza ruwa ne zalla. Ƙarya yake yi, bai san komai ba. Harshe kawai ya kai yawo, hannunsa na cikin aljihu har ya dawo. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma na ga jiya na ga yau. Gyara zama ka ji misali.

Wata malamar makaranta ce mahaifiyarta ta rasu, ta bar mahaifin tsoho tukuf. Shekara arba'in yana karya kumallo da kunun zaƙin matarsa. Tun da aka binne ta ya ɗauke baki daga abinci. A kawo masa kunu, ya kurɓa sau ɗaya, ya ture kofi ya ce ba shi ba ne. Ya yi ta ramewa a gaban idonsu har zoben azurfarsa ya fara zamewa daga yatsa. Malamar kuwa a makarantar kwana ta tashi, ba ta taɓa tsayawa bakin murhu ranar da uwarta ke haɗi ba. Da aka ba da hutu sai ta sa littafi da biro a jaka, ta bi garuruwan dangin uwarta ɗaya bayan ɗaya. Duk inda aka ce akwai gwanar kunu sai ta je, ta sha, ta kutsa har madafa ta yi tambaya. Amsa ɗaya ce ko'ina: dawa, citta, kanumfari, masoro, ɗan dankali. Ta cika shafi goma da abu guda. Ta sha mai sukari har ya gundure ta, ta sha wanda ya tsinke kamar ruwan wanke ƙwarya, ba ta ji na uwarta ba.

A gari na shida ta faɗa gidan wata tsohuwa. Kurɓa ɗaya ta yi ta ajiye ludayi, idonta ya ciko. Ta ce, "Iya, don Allah me kike sawa?" Tsohuwa ta lissafa mata abin da kowa ya lissafa. Malama ta ce ai duk ta rubuta wannan, ta ba ta labarin babanta. Tsohuwa ta ce, "To dama takardar ki kai wa babanki. In kuwa kunu kike so, 'yar nan, cire agogon nan ki ɗaura zane."

Saura kwana tara hutu ya ƙare, ta cire agogo. Tsohuwa ta shigar da ita wani ɗaki mai sanyi inda aka shimfiɗa jiƙaƙƙiyar dawa a ƙarƙashin buhu. Safe da yamma ana yayyafa mata ruwa, kwana uku, sai ta fito da tsiro fari tsawon farce. A shanya, a daka. Wannan tsiron shi ne zaƙin, babu ko ƙwayar sukari. Sai a dama ƙullu da tafasasshen ruwa ya yi kauri, a zuba garin tsiro, a rufe ya kwana. Ka ji da sauƙi ko? Malama ma haka ta ji. Ranar farko ta zuba tsiro tururi na tashi, don littafinta cewa ya yi a dama a zuba. Da safe ta buɗe ta tarar da abu kamar talge, babu zaƙi, zafi ya kashe tsiron. Rana ta biyu tsoro ya kama ta, ta jira har ya huce sarai, ya fito salam. Rana ta uku tsohuwa ta damƙi hannunta ta tsoma yatsarta cikin tukunya, ta ce, "In ya kore ki, da saura. In ba ki ji shi ba, ya wuce ki. Sai in za ki iya barinta ciki har ki gama gaida surukarki." Ta ƙone, ta ɓata tukunya huɗu, awakin gidan suka yi ta shagali, ba ta ɗauki jakarta ba. Tukunya ta biyar tsohuwa ta ɗanɗana, ta ɗauka ta kai wa masu saye.

Malama ta koma gida da tsiro ƙulle a gefen zane da yatsa mai bororo. Ta haɗa a tukunyar uwarta. Tsoho ya kurɓa, ya juya ya dubi ƙofar madafa kamar mai jiran wata ta fito. Sannan ya shanye, ya miƙo kofi ya ce, "Akwai saura?" Littafin nan mai shafi goma da shi aka hura wutar tukunya ta gaba.

Shi kuma mutuminmu na majalisa, da ya sha na gari goma, a ba shi dawa da buhu da tukunya mu ga abin da hotunansa za su dama. Kai ma da kake murmushi, nuna mini yatsarka tukuna, sannan in ka isa ka musa: kowa ya ci zomo, ya ci gudu.