Kofin Suruki

Kofin ya dawo kusan cike, Salifu ya tsaya yana kallonsa kamar an aiko masa da sammaci.

Surukinsa Malam Tijani ya zo Tamanrasset daga Agadas da magana guda: zai duba yadda ake riƙon ɗiyarsa Gwamma, in zaman bai yi masa ba, ya koma da ita gida. Salifu kuwa mai gyaran wutar lantarki ne, abin alfaharinsa ɗaya a gidan: injin haɗa kafe, wato gahawa, da wani Balarabe ya bar masa da zai ƙaura arewa. Injin na da ɗan gilashi mai nuna zafin ruwa, da maɓalli biyu, na ƙarawa da na ragewa.

Tun safiyar farko tsohon ya hango baƙin ruwan yana tsiyaya cikin kofi. Ya tsura masa ido ta saman amawalin rawaninsa, ya daɗe, sannan ya ce a riƙa kai masa ɗaki kullum. Salifu ya ce a ransa, to, ga ƙofar shiga ta samu.

Sai dai shi Salifu ba ya shan kafe, kurɓa ɗaya zuciyarsa ta kama lugude. Tambaya kuma babu hali, wa zai tsaya kan suruki yana kai kofi baki? Gwamma ita ma ɗiyar fari ce, uban ko sunanta ba ya faɗa, nata ta ajiye faranti a bakin ƙofa ta juyo. Kofin ne kaɗai ɗan aike tsakaninsu, kuma ga abin da ya kawo yau.

Salifu ya duƙufa cikin wayarsa. Masana suka ce in ruwa ya yi zafi da yawa kafe ya yi ɗaci, in ya gaza ya yi tsami. Ya sauke injin daga digiri casa'in da shida zuwa casa'in da huɗu. Washegari kofi ya dawo rabi. Ya zuba sauran a kwalba ya ɗaga ta a rana yana nazari.

Aka kuma ce masa gilashin injin yakan yi ƙarya, sai an gwada da ma'aunin zafi. Ya sayo, ya tsoma a tafasasshen ruwa don ya jarraba, ma'auni ya tsaya a casa'in da biyar maimakon ɗari. Ya koma kanti ya yi wa mai kanti tatas, aka canza masa wani, shi ma haka. Sai daga baya ya gano garin ne a kan tudu, ruwa yana tafasa da wuri. Bai koma ba da haƙuri ba, ya dai canza hanyar zuwa kasuwa.

Wata rana ya ce bari ya sa sukari. Ranar Malam Tijani ya wuni yana korar ƙuda, fuska murtuke, da yamma ya aiko a daina. Salifu ya jinjina kai: lallai ya haɗu da gwani.

Tsohon ya nemi madubi, aka ba shi. Ya fara fita bayan la'asar yana gaishe da Hajjo, wata bazawara 'yar Agadas mai suyar masa a bakin layi, ya dawo yana tafiya da ƙarfi. Salifu ya ce aikin kafe ne.

Amma da ya sauke injin zuwa casa'in da uku, kofi ya dawo da saura, kuma ranar aka ji tsohon yana tambayar motocin kudu masu zuwa Agadas. Gwamma ta fara ninke zannuwa tana share ido.

"Kai da injin nan," in ji ta, "ko za ka aure shi ne in na tafi?"

Tsoro ya kama Salifu, tsoro na gaske. Yana son matarsa, kuma ya san in ta hau motar nan sai yadda Allah ya yi. Ya wanke injin, ya bar shi ya ɗumama sosai, ya yi bisimilla, ya danna casa'in da biyu.

Kofi ya dawo ƙal, har gindin an goge. Washegari aka aiko a ƙaro na biyu. Salifu ya shige bayan gida ya taka rawa shi kaɗai.

Da hantsi tsohon ya kira shi. Salifu ya tuɓe takalma ya durƙusa, ido a ƙasa.

"Malam Salifu, na ga zamanku. Yarinyar nan ta zauna ɗakinta, Allah shi yi muku albarka."

"Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma." Murna ta cire masa kunya. "Baba, ashe casa'in da biyun ce ta yi? Ɗacin ya daidaita?"

"Ɗaci? Allah shi tsare ni da kai wannan abu bakina!"

Malam Tijani ya leƙa ƙofa, ya ga ba kowa, ya sauke amawali.

"Ka dai riƙa aiko min kofi biyu har a ɗaura auren," in ji shi, yana shafa gemunsa baƙi wuluk mai tashin ƙamshin kafe, "don Hajjo ba ta son mai furfura."